Moto Ya Ƙi Shiga Giya: Yadda Ake Gane Ciwon da Yadda Ake Maganinsa



Sunan garin Hawandawaki yana tuna wa mutum da doki da sirdi da linzami. Amma wanda ya tsaya yau a bakin kasuwa ya ƙidaya, zai ga dokin ƙarfe ya fi dokin ciyawa yawa. Moto, wato babur, shi ke kai taki gona. Shi ke kai wake da gujiya kasuwar Korgom ko ta Tasawa. Shi ne kuma ke ɗaukar marar lafiya cikin dare zuwa gidan likita.

Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Maraɗi ta bi ta Gazawa da Tasawa, ta wuce Damagaram. Yawancin ƙauyukanmu suna nesa da ita. Daga ƙasar Hawandawaki a bakin iyakar Nijeriya har ƙasar Mayahi a arewa, hanyoyinmu na rairayi ne. Rairayi da ƙura da nauyin kaya suna gajiyar da moto, kuma giya da kuloci ne ke fara kokawa. Darasinmu na yau a kansu yake.

ABIN DA YA SAME NI

Shekara uku ke nan, cikin sanyin hunturu, na kwana wani ƙauye wajen aikin zagaya azuzuwan karatun manya. Tsakar dare aka buga mini ƙofa. Wata mata ce haihuwa ta zo mata da gardama, kuma ba wani moto a ƙauyen sai nawa. Na ɗauke ta, ƙanwar mijinta ta riƙe ta daga baya, muka kama hanya.

To, mako biyu kafin wannan dare na lura hannun kulocina ya yi tauri, kuma giya tana shiga da ƙara. Kullum sai in ce gobe zan kai shi gyara. Muna tsakiyar wata jigawa na matse hannun, sai na ji ya saki. Wayar ta tsinke. Moton ya mutu cikin rairayi, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Sai da aka koma da gudu aka ɗauro amalanke. Ba mu isa gidan likita ba sai da gari ya waye. Allah ya sa matar ta sauka lafiya, amma ta wahala ƙwarai, ta zubar da jini mai yawa.

Wayar da ta tsinke ba ta kai kuɗin kaza guda ba. Laifin ba na moto ba ne, nawa ne. Ya yi ta gaya mini ciwonsa, ni ne ban saurara ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga ranar na zauna wurin masu gyara na koyi abin da zan gaya muku.

MECE CE GIYA? MENE NE KULOCI?

Giyar da muke magana ba ta sha ba ce. Ita ce wadda wasunmu ke kira bitas. Kuloci kuma shi ne wanda ake kira ambirayaji.

Inji yana juyawa da sauri, amma ƙarfinsa kaɗan ne. Giya ita ke mai da saurin ya zama ƙarfi. Giya ta 1 kamar san noma take: ƙarfi da yawa, tafiya sannu. Giya ta 4 ko ta 5 kamar dokin sukuwa take: gudu da yawa, amma ba ta jan nauyi. Akwai kuma wurin da ba giya ko ɗaya, inji na aiki amma taya ba ta juyawa. Shi ake kira furi. A yawancin babura wata koriyar fitila mai harafin N tana kamawa idan an shiga furi.

A cikin inji akwai ƙarafa masu haƙora da ke cizon juna. Wasunsu suna da ƴan ƙahoni a gefe, masu shiga ramukan na kusa da su. Idan ka taka fedar giya, wani ƙarfe mai kama da cokali mai yatsu biyu yana tura ɗaya ya kama ɗaya. Shigar giya ke nan.

Kuloci kuwa faya-fayai ne da aka jera bisa juna, kamar yadda mata ke jera faifai. Sifirin yana danne su, su manne, ƙarfin inji ya wuce zuwa taya. Idan ka matse hannun kuloci, waya tana ja, faya-fayan su rabu, ƙarfin ya yanke. A wannan ɗan lokaci ne giya ke sauyawa cikin sauƙi.

Yawancin baburan da ke ƙasarmu, irin su Kasea da Haojue na ƙasar Sin da Boxer na ƙasar Indiya, haka aikinsu yake. Da yawa daga na Sin an kwaikwayi injinsu ne daga Honda CG125, wanda kamfanin Honda na Japan ya fito da shi a 1975. Saboda haka wanda ya gane ɗaya, ya kusa gane sauran.

A riƙe wannan da kyau: sau da yawa idan giya ta ƙi shiga, ciwon ba a cikin inji yake ba. A waje yake, inda ido ke gani, hannu ke kaiwa. Don haka a fara da mai sauƙi kafin a je ga mai wuya.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A FARA DUBAWA

Kafin ka taɓa komai, kashe inji, ka zare makulli. Kafa moto bisa ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai. Bari ya huce.

1. Wayar kuloci

Taɓa hannun kuloci da yatsa guda, ka ja shi a hankali. Da farko zai tafi sakwa-sakwa, sa'an nan ka ji ya fara nauyi. Wannan ɗan sakin na farko shi ake kira wasa. A ƙarshen hannun, wasan ya kamata ya zama santimita 1 zuwa 2, wato kimanin faɗin yatsa guda.

Idan wasan ya yi yawa, faya-fayai ba su rabuwa sarai, giya ta yi wuyar shiga. Idan babu wasa ko kaɗan, faya-fayai ba su mannewa sarai, sai su riƙa sulɓi har su ƙone.

Ga yadda ake daidaitawa. Inda waya ta shiga hannun akwai noti biyu: babba mai kullewa, da dogo wanda waya ta ratsa. Sassauta mai kullewa. Idan ka murɗa dogon ya fito waje, wasa zai ragu. Idan ka murɗa shi ya shiga ciki, wasa zai ƙaru. In ya yi daidai, sai ka ɗaure mai kullewa. Idan na sama ya ƙure, akwai wasu noti biyu a ƙasa, inda waya ta isa inji. Da su ake babban gyara.

Bayan haka duba wayar kanta a bakinta na sama da na ƙasa. In ka ga ko da sili guda ya tsinke ya miƙe, kwananta ya ƙare. Sauya ta a ranar. In ba ta tsinke ba amma tana da tauri, ƙura ce ta shiga rigarta. Cire kanta na sama, ka ɗiga mata mai kaɗan kaɗan har ya gangara. Juya kan moto dama da hagu, ka tabbata wayar ba ta maƙale ko ta lanƙwashe ba.

2. Baƙin mai

A irin waɗannan babura, mai guda ne ke yi wa inji da kuloci da giya aiki. Idan ya ragu, ko ya tsufa, ko ya cika da ƙura, giya ce ke fara nunawa.

Kwance ma'aunin mai, ka goge shi da tsumma mai tsabta. Mai da shi ramin ba tare da ka murɗa ba, ka sake fiddo shi. Mai ya tsaya tsakanin zane na sama da na ƙasa. Murza ɗigo guda tsakanin yatsu biyu, ka lura:

In ya yi baƙi ƙirin, ya tsinke kamar ruwa, ya mutu. A juye shi.
In ya yi fari-fari kamar an zuba nono, ruwa ya shiga. Wannan yakan faru da damina, bayan an ratsa tabki. A juye shi nan da nan.
In ka ji tsaki-tsaki, ko ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, wani abu yana cin wani a ciki. Wannan aikin makaniki ne.

Yawancin ƙananan babura suna shan kimanin lita 1. Kada a rage, kada kuma a cika ya wuce zane. Wajen saye, ga inda karatu ke da rana. Karanta jikin galan. Nemi alamar 4T, da haruffan MA ko MA2. Su ke nuna man ya dace da kulocin da ke jiƙe cikin mai. Za ka ga kuma lamba irin 20W-50 ko 10W-40. Bi wadda littafin motonka ya faɗa. Wani man mota yana da santsi fiye da kima, yana sa kulocin moto sulɓi. Man da ake aunawa a kwalba, wanda ba a san asalinsa ba, a guje shi. Araha ba ta ado.

Littafin kowane moto ya faɗi kilomita nawa za a yi kafin a juye mai. Wanda ke tafiya kullum cikin ƙura da kaya, ya rage a kan abin da littafin ya ce. Shawarata, a irin hanyoyinmu kada a wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500. Samu ɗan littafi, ka rubuta ranar juye da lambar da agogon moto ya nuna.

3. Fedar giya

Kama fedar da hannu, ka girgiza ta. Tana zaune ne bisa wani sandan ƙarfe mai ƙananan haƙora, ƙusa guda ta matse ta. Idan ƙusar ta kwance, feda za ta riƙa motsi ita kaɗai, sandan bai juya ba. Ɗaure ta tun da wuri. In aka bari, haƙoran za su cinye.

Idan moto ya taɓa faɗuwa ta hagu, duba ko fedar ta lanƙwashe tana gugar jikin inji. Kada ka miƙe ta da guduma tana jikin moto, domin bugun zai lanƙwasa sandan da ke ciki. Cire ta tukuna. Wanke kuma laka da rairayin da suka taru a gindinta.

Wasu in haƙoran sun cinye sai su sa a yi wa fedar walda da sandan. Wannan maganin yini guda ne. Zafin walda yana ƙone robar da ke tare mai, kuma ranar da za a buɗe wurin sai an yanke. Gara a sayi sabuwa.

4. Sarƙa

Sarƙa ba ta cikin giya, amma in ta saki tana sa moto fizga duk lokacin da aka sauya giya. Mutum sai ya zaci giyar ce ta lalace. Tura tsakiyar sarƙar sama da ƙasa da yatsa. Motsinta ya zama santimita 2 zuwa 3. In ya fi haka, a ja ta, a kuma tabbata an ja dama da hagu daidai don kada taya ta karkace. In ta yi tsauri da yawa kuma, tana cin ƙarafan inji. Duba haƙoran da take hawa. In sun yi tsini sun lanƙwasa kamar ƙayar sarƙaƙiya, a sauya su tare da sarƙar gaba ɗaya.

ALAMU SHIDA DA MA'ANARSU

Likita ba ya ba da magani sai ya tambayi inda ke ciwo. Haka ma moto. Ga alamun da aka fi gani.

Alama ta 1: Ka matse kuloci, ka sa giya ta 1, sai moto ya yi ƙara, ya zabura gaba ko ya mutu.
Kuloci ne bai saki sarai ba. Fara da rage wasan waya. Duba kuma ko inji yana gudu da yawa alhali ba ka murɗa totur ba. In haka ne, a rage masa silo. Da sanyin safiya mai yakan yi kauri, faya-fayai su manne. Bari inji ya yi minti biyu ko uku yana ɗumi, ka matse hannun ka saki sau da yawa. In duk an yi wannan bai daina ba, faya-fayan sun kandare, sai an buɗe.

Alama ta 2: Ka ba da wuta, inji yana kuka, amma gudu bai ƙaru ba.
Wannan sulɓi ne. An fi jin sa a hawan tudu, ko da kaya, ko a babbar giya. Wani lokaci har ka ji ƙauri. Duba ko waya ta yi tsauri ba wasa. Tuna kuma irin man da ka zuba na ƙarshe. In ba su ba ne, faya-fayan sun cinye ko sifirin ya gaji. Kada a ja lokaci. Moto mai sulɓi yana shan fetur a banza, kuma wata rana zai tsaya cak da kai a daji.

Alama ta 3: Furi ya yi wuyar samu idan inji na aiki, amma in an kashe sai ya samu nan take.
Wannan ɗan'uwan alama ta 1 ne. Maganinsu guda: waya da mai.

Alama ta 4: Ka taka feda, ta tafi ba ta dawo ba.
Akwai sifirin a ciki mai maido ta wurinta. Ko ya karye, ko sandan ya lanƙwashe, ko datti ya riƙe shi. Wanke gindin fedar tukuna. In ba ta dawo ba, kana iya ɗago ta da ƙafa ka lallaɓa zuwa gari. Sifirin ɗin ba shi da tsada, kuma sau da yawa murfin gefe kawai ake buɗewa a sauya shi.

Alama ta 5: Kana cikin tafiya, giya ta fita da kanta, inji ya yi kuka a banza.
Da farko dubi kanka. Wataƙila ba ka taka fedar har ƙarshe ba, musamman in da silifa kake tuƙi. In kana takawa sosai amma giya guda ce kullum ke fita, to ƙahonin nan sun goge, ko cokalin da ke tura su ya lanƙwashe. Wannan sai an raba inji biyu. Yana da haɗari ƙwarai, domin giya na iya fita kana tsakiyar hawa da kaya, ko kana wuce babbar mota.

Alama ta 6: Moto na tsaye, ka taka giya ta ƙi shiga, ko ta ƙi fita.
Sau da yawa wannan ba ciwo ba ne. Ƙahonin ne ba su yi daidai da ramukansu ba. Kada ka hau fedar da duka. Tura moto gaba kaɗan, baya kaɗan, kana taka ta a hankali. Za ka ji ta faɗa.

Akwai kuma ƙananan babura marasa hannun kuloci, irin waɗanda mata da ƴan makaranta suka fi hawa. Su ma suna da kuloci, amma fedar giya ce ke sakinsa. A saki totur gaba ɗaya kafin a taka. In giyarsu ta yi tauri, akwai wani noti a murfin inji na dama da ake daidaitawa. A bar wa wanda ya sani.

HALAYEN DA KE KASHE GIYA

Na farko, nauyin kaya. Buhun hatsi mai tiya 40 ya kai kimanin kilo 100. Yawancin ƙananan babura an yi su ne don ɗaukar kimanin kilo 150, har da mai tuƙi. Wanda ya ɗora buhu biyu ya hau, ya ɗora wa ɗan maraƙi kayan raƙumi. Gara sawu biyu da sayen kuloci. Babban kaya na amalanke ne.

Na biyu, riƙe kuloci rabi da rabi cikin rairayi. Wannan ke ƙone faya-fayai fiye da komai. Kafin ka shiga rairayi mai zurfi, sauko zuwa giya ta 2, ka saki hannun gaba ɗaya, ka riƙe wuta daidai. In taya ta nutse, kada ka yi ta ba da wuta. Sauka, a rage kaya, a tura.

Na uku, tashi da giya ta 2 ko ta 3 don ƙyuya, da jan babbar giya alhali moto na tafiya sannu yana shaƙewa.

Na huɗu, sauya giya ba tare da sakin totur ko matse kuloci ba. Ƙa'ida ita ce: saki wuta, matse kuloci, taka giya har ƙarshe, saki kuloci sannu, ba da wuta.

Na biyar, ɗora ƙafa bisa feda ana tafiya. Nauyin ƙafar yana sa cokalin ciki guga har ya cinye.

Na shida, aron moto ba tambaya. Tsarin giya ba ɗaya ba ne. A wani moto duk ƙasa ake takawa. A wani, ta 1 ƙasa, sauran sama. A wani kuma giyar zagaye take: in ka wuce ta ƙarshe sai ka koma furi, ka ƙara takawa ka faɗa ta 1. Wanda ya faɗa giya ta 1 yana cikin gudu, tayar baya na iya kullewa ta kayar da shi. In ka ari moto, tambayi mai shi. In ka ba da aro, ka yi bayani.

IDAN WAYA TA TSINKE A DAJI

Maganin da ya fi kowane shi ne guzuri. Sayi waya ta biyu tun yanzu. Masu dabara suna shimfiɗa ta kusa da tsohuwar, su ɗaure su tare, su rufe bakinta da leda don ƙura. Ranar da tsohuwar ta tsinke, kai biyu kawai za a sauya. Riƙe kuma filaya, da sukundireba, da sifana lamba 10 da 12 da 14, da tocila. Koyi sa wayar a gida da rana, kafin ka bukace ta da dare.

In ba ka da wata, kuma ƙasa tana da tauri, ga dabarar fita kunya. Sa furi, ka ta da inji. A tura ka har moto ya ɗan yi tafiya, sa'an nan ka taka giya ta 1. Wajen sauyawa, saki wuta sarai kafin ka taka. Kafin ka tsaya, nemi furi. Tafi sannu, zuwa gari mafi kusa kawai. Kada a yi wannan da marar lafiya ko mace mai ciki a baya, domin moto yana zabura. A nemi wani abin hawa.

A WURIN MAKANIKI

In ka duba abubuwan nan huɗu ciwon bai tafi ba, kada ka buɗe inji da kanka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Je wurin wanda aka san aikinsa. Gaya masa alamar filla-filla: wace giya ce, da sanyi ko da zafi, da kaya ko ba kaya, tun yaushe. Wanda ya ce kawai «moto ba ya lafiya», ya ba da ƙofar a sauya masa abin da bai lalace ba.

A yi ciniki kafin a kwance. Nemi a nuna maka abin da ya lalace, a kuma ba ka tsohon a hannunka. Kada a buɗe inji a ƙasa cikin rairayi. A shimfiɗa buhu ko kwali mai tsabta. Sababbin faya-fayan kuloci a jiƙa su cikin mai kafin a ɗaura. In an raba inji, a sa sabon gasket da sabon mai.

Yawancin kayan gyaranmu ta Maraɗi ko ta Kano suke zuwa. Mun gani a 2019, da kuma a 2023, yadda rufe iyaka ya sa kaya suka yi wuya suka yi tsada. Saboda haka abin da ke hannunka, ka kiyaye shi.

LAFIYAR JIKINKA TA FI TA MOTO

Kada ka taɓa sarƙa inji na aiki. Ta yanke yatsun mutane da yawa, har da na yara masu taya goge moto.

Salansa da murfin inji suna ƙuna. In mutum ya ƙone, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta bisa wurin na kimanin minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi gidan likita.

Tsohon baƙin mai guba ne. Kada a shafa shi a gyambo, ko a ƙuna, ko a ƙaiƙayin yaro ko na dabba. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko a gona, ko inda dabbobi ke sha. A tara shi a galan mai murfi, nesa da yara. Kada a zuba shi a kwalbar abin sha. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Mata masu hawa baya su tattara zane da mayafi, kada sarƙa ko taya ta kama.

A sa takalmi mai rufe ƙafa da hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma masu babura suna da yawa a cikinsu.

Wata shawara ga mai gari da dattawa: a kowane ƙauye a san moton da za a nema in larura ta taso da dare. A tabbata kullum yana da mai, da fitila, da waya ta biyu. Gidan da ke da mace mai ciki wata takwas, maigida ya duba motonsa tun yau, ko ya yi magana da maƙwabci mai moto.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Mene ne aikin kuloci?
2. Santimita nawa ya kamata wasan hannun kuloci ya zama?
3. Me ke faruwa in wasan ya yi yawa? In babu shi fa?
4. Baƙin mai ya yi fari kamar nono. Me ya shiga cikinsa?
5. Waɗanne haruffa za ka nema a jikin galan ɗin mai?
6. Buhu biyu na kilo 100 da mai tuƙi mai kilo 65, kilo nawa ke nan? Da kilo nawa suka wuce 150?
7. An juye mai agogo na nuna kilomita 8,400. In za a sake bayan kilomita 1,500, wace lamba agogon zai nuna?

Aikin gida: kowa ya je wurin moto guda, nasa ko na ɗan'uwa. Ya duba waya, da mai, da feda, da sarƙa. Ya rubuta abin da ya gani cikin layi huɗu, ya kawo aji a karanta.

Jama'a, mai doki ba ya kwana sai ya duba ƙafar dokinsa da linzaminsa. Mai moto ma ya ware minti goma kowace Juma'a da safe don wannan dubawa. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.